Wa Muke Yi wa Lissafi?

'Yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan ajin ƙarshe da furojet ya hana barci, sannunmu da fama. Ni ma cikinku nake. Ina sashen akanta, kuma batun da aka amince mini shi ne yadda kamfanoni ke bayyana abin da suke yi wa al'umma da muhalli a cikin rahotonsu na shekara. Na kammala babi na huɗu, saura na biyar. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai wanda babi na biyar ba zai iya ɗauka ba, shi ya sa na kawo shi nan.

Bari in faɗa muku yadda na yi aikin. Na sauko da rahoton kamfanoni goma daga intanet, kowanne na shekara biyar. Na zana jadawali. Idan kamfani ya ambaci dashen itatuwa, in ba shi maki ɗaya. Idan ya ambaci tallafin karatu ko haƙa rijiyar burtsatse, maki ɗaya. Idan bai ce komai ba, sifili. Na tara makin, na zuba wa kwamfuta, ta fito mini da lambobi, na rubuta cewa manyan kamfanoni sun fi ƙanana yawan bayani. Shi ke nan. Na san da yawanku irin wannan kuka yi, wasu da bankuna, wasu da kamfanonin siminti. Kusan duk kamfanonin da muka zaɓa hedikwatarsu na Legas, abin da muka sani nasu a nan bai wuce reshen da ke kan titin Ahmadu Bello ba.

Wata ranar Asabar ina zaune a zauren gidanmu a Unguwar Shanu ina wannan ƙirge, sai kawuna ya shigo. Shi tsohon ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. An rufe masaƙar tasu tun ina goye, kuma har yau bai ga kuɗin sallamarsa ba. Ya leƙa allon kwamfutar ya ce, "Akanta, me ake ƙirgawa ne haka?" Na yi masa bayani da ɗan alfahari. Ya yi shiru, can ya ce, "To a cikin takardun nan akwai inda aka rubuta haƙƙinmu?" Na ce, "Kawu, ai kamfanin naku ya daina fitar da rahoto, ba ya cikin jerin." Sai ya yi dariya ya ce, "Wato duk wanda ya mutu da bashin mutane ya fita daga littafinku ke nan." Ya sa takalmansa ya wuce ciki. Wallahi ranar ban ƙara iya ƙirga komai ba.

Babi na biyu da muke yi wa riƙon sakainar kashi

Kowa ya san yadda muke rubuta babi na biyu. A nemo tiyori uku, a ba kowacce shafi ɗaya, a ce "wannan bincike ya dogara da ta ukun", a wuce. Ba mu tsayawa mu lura cewa masu waɗannan ra'o'in faɗa suke yi da juna, kuma faɗan a kan tambaya ɗaya ce: kamfani na wane ne, wa zai ba bayani?

A 1970 masanin tattalin arziki Milton Friedman ya rubuta a wata jaridar Amurka cewa nauyin da ke kan kamfani shi ne ya ƙara riba ba tare da karya doka ko yin zamba ba. A ganinsa manaja ɗan aike ne na masu hannun jari, idan ya ɗebi kuɗinsu ya yi hidimar jama'a, ya yi kyauta da kayan da ba nasa ba. A 1984 Edward Freeman ya zo da wani ra'i cewa duk wanda harkar kamfani ta shafa, ko shi zai iya shafar ta, yana da ruwa da tsaki: ma'aikaci, mai saye, maƙwabci, gwamnati. Na ukun, wanda muka fi so mu ce mun dogara da shi, shi ne ra'in neman karɓuwa. Abin da yake cewa shi ne, kamfani na yin bayani ne don jama'a su ci gaba da ganinsa a matsayin halastacce. Wani mai bincike, Dennis Patten, ya gwada wannan a 1992. Bayan jirgin dakon mai na Exxon Valdez ya malalar da ɗanyen mai a gaɓar Alaska a 1989, ya gano cewa sauran kamfanonin mai, waɗanda ba su ne suka yi ɓarnar ba, sun ƙara yawan maganar muhalli a rahotanninsu.

To ku duba abin da na aikata. A babi na biyu na rubuta da hannuna cewa kamfanoni kan yawaita magana idan mutuncinsu na cikin haɗari. A babi na uku kuma na ba wanda ya fi yawan magana maki mafi yawa. A babi na biyar ina shirin ba da shawara cewa kamfanoni su ƙara yawan magana. Idan ra'in da na ce na dogara da shi gaskiya ne, wanda ya zo na ɗaya a jadawalina zai iya zama wanda ya fi kowa abin ɓoyewa. Ban lura ba sai da kawu ya yi dariyar nan.

Ashe ma manyan fannin sun daɗe suna wannan jayayya. Farfesa Rob Gray da abokan aikinsa a Birtaniya sun yi imani za a iya gyara abin daga ciki: a matsa wa kamfanoni su riƙa ba da bayani, a hankali jama'a su samu abin da za su tuhume su da shi. A 1991 Tony Tinker da Cheryl Lehman da Marilyn Neimark suka mayar musu da martani mai zafi, suka ce tsayawa a tsakiya tsakanin mai ƙarfi da marar ƙarfi goyon bayan mai ƙarfi ne, domin shi ke riƙe da alƙalamin. A 2010 wasu masana uku, Spence da Husillos da Correa-Ruiz, suka kwatanta yawancin binciken wannan fanni da abin da ya faru a wasu tsibiran tekun Fasifik bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Mutanen wurin sun ga sojoji na share fili, jirage na sauka da kaya. Da sojojin suka tafi, sai su ma suka share fili, suka kafa hasumiyar katako, suka zauna jiran jirgi. Komai ya yi kama da filin jirgi, jirgi dai bai sauka ba. Da na karanta wannan sai na ga furojet ɗina: babi biyar cif, jadawali, lambobi, amma babu abin da zai sauka a Kakuri ko Kabala saboda shi.

Inda siyasar take

Idan na ce siyasa, ba jam'iyya nake nufi ba, kada wani ya ce ɗan akanta ya shiga kamfen. Ina nufin wa ke yanke abin da za a rubuta, da abin da za a bari, da sunan da za a ba kowanne.

Na ga wannan da idona lokacin da na yi watanni huɗu na koyon aiki a wani kamfani a nan garin. Aikina jera baucoci ne a fayil. Akwai baucar rijiyar burtsatse da aka haƙa wa wata unguwa, har da kuɗin allon da aka rubuta sunan kamfani da kuɗin mai hoto. Wannan ta shiga ƙarƙashin sunanta mai kyau, taimakon al'umma. Akwai kuma baucar da ake biyan direban tifa duk mako ya kwashe dattin masana'anta. Ita tana shiga cikin ƙananan kashe-kashe. Da na tambayi direban ina yake kai kayan, ya ce akwai wani kwari a bayan gari, in damina ta zo ruwa ya tafi da shi. Littafin kamfanin ya daidaita har kwabo. Babu odita da zai ce an yi ƙarya, domin ba a yi ba. Wanda zai sha ruwan ƙasan kwarin nan dai ba shi da layi a littafin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A aji an koya mana cewa abin da ake rubutawa shi ne abin da ke da muhimmanci. Ba a cika tambayar muhimmanci ga wa ba. Wannan tambaya kuwa yanzu ta zama ta ƙasa baki ɗaya. A watan Yunin 2023 hukumar ISSB ta fitar da ƙa'idoji biyu, IFRS S1 da S2, kan yadda kamfanoni za su ba da rahoton ɗorewa da sauyin yanayi. Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka ce za su ɗauka, kuma tsarin da hukumar FRC ta fitar ya ce daga 2028 zai zama tilas a kan manyan kamfanonin da harkarsu ta shafi jama'a. Mu ne za mu cike waɗannan takardu idan Allah ya ba mu aiki. Amma ku karanta su da kyau. An gina su ne don mai zuba jari ya san ko ambaliya ko zafi ko sabuwar doka za su taɓa kuɗinsa. Tsarin GRI, wanda aka faro tun 1997, shi ya fi karkata ga tambayar me kamfani ya yi wa mutane da ƙasa. Idan Kogin Kaduna ya cika ya shiga sito ya lalata kaya, tsarin farko zai so a faɗa. Idan abin da ke fita daga bayan masana'anta ya kashe kifin masunci, sai ranar da abin ya zama barazana ga riba zai dame shi. Zaɓar ɗaya a bar ɗaya hukunci ne da mutane suka zauna suka yanke, kuma masunci ba ya wurin.

Haka dokar man fetur ta 2021. Ta ce kamfanonin haƙar mai su ware kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwarsu na shekarar da ta gabata don al'ummomin da ake haƙa a yankinsu. Mutanen yankin kashi 10 suka nema. Majalisar wakilai ta so 5, ta dattawa ta tsaya a 3. Nan gaba ɗalibi zai ga kashi 3 a littafi ya haddace kamar ilimi ne ya haifar da shi, alhali ciniki ne aka yi wani ya fi wani ƙarfi.

Darasin Ogoni

Wanda ke ganin rahoton kamfani ya wadatar, ya dubi ƙasar Ogoni. Ranar 10 ga Nuwamban 1995 gwamnatin soja ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal, duniya ta yi ca a kan Najeriya da kamfanin Shell. A 1998 Shell ya fara fitar da rahoto na musamman kan al'umma da muhalli. Da da jadawalina za a auna shi, da ya cinye maki. A watan Agustan 2011 kuma hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da nata binciken, wanda aka yi ta hanyar ɗiban ruwa da ƙasa a gwada. A Nisisioken Ogale sun samu sinadarin benzin mai jawo kansa a ruwan sha ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Sun ce gyaran yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. A garin Bodo, inda mai ya malala a 2008, sai da masunta suka kai ƙara Landan kafin kamfanin ya yarda cewa adadin man da ya ce ya zuba ya yi ƙasa da gaskiya, kuma a farkon 2015 aka sasanta a kan fam miliyan 55.

Abin da na ɗauka a nan shi ne, gaskiyar ta fito ne lokacin da aka samu littafi na biyu wanda ba kamfanin ne ya rubuta ba. Masana na kiran irin wannan lissafin inuwa: a tattara bayani daga ma'aikata, maƙwabta, asibiti, kotu da gwajin ruwa, a ajiye shi kusa da rahoton kamfani, a ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Wannan ma aikin akanta ne. Ai ko daidaita littafin kuɗi da takardar banki da muke yi tun ajin farko, hikimarsa ita ce ba a yarda da shaida ɗaya.

Abin da za a ce mini

Na yi wannan magana da abokaina a kafteriya, kuma ban sha da daɗi ba. Wani ya ce, "Malam, mu dai mu fita lafiya. Wa zai ba ka kuɗin gwajin ruwa? Wa zai buɗe maka ƙofar masana'anta?" Gaskiya ya faɗa. Semesta ɗaya ce, aljihu babu nauyi, kuma ƙirga jimloli ba ya buƙatar ko kuɗin Keke. Ni ma da shi zan fita, ba zan ɓoye ba. Amma tambayar mutum ashirin a unguwa ɗaya ba ta fi kuɗin buga furojet da ɗaure shi tsada ba.

Wata kuma ta ce abin da ya fi wannan nauyi. Ta ce Kaduna masana'antu take nema, ba masu korar su ba. Tun da aka kafa Kaduna Textiles a 1957 zamanin Sardauna, aka biyo da United Nigerian Textiles a 1964, masaƙu ne suka riƙe dubban gidaje a garin nan. Da suka durƙushe kowa ya ji a jikinsa. Ta ce, "Yanzu 'yan kaɗan da suka rage za ka bi da biro da takarda?" Na daɗe ina juya wannan. Amsata ita ce, lissafin da nake nufi ba na laifi kaɗai ba ne. Ya haɗa da albashin da aka biya, da yaran da suka yi karatu da shi, da mai abincin da ke bakin get. Da an riƙe irin wannan littafi tun farko, da waɗanda suka bari wuta ta gagara, aka cika kasuwa da atamfar fasa-ƙwauri, sun ga girman abin da ake asara da lambobi. Rashin cikakken lissafi ya cuci masaƙun kansu kafin ya cuci kawuna. Kuma kamfanin da ke zuba datti a kwari yana karya farashin wanda ya kashe kuɗi ya tace nasa. Yin shiru a nan gata ne ga marar gaskiya.

Na uku ya ce akanta ba ɗan gwagwarmaya ba ne, aikinsa ya tsaya a tsakiya. Na yarda kada mu ƙara ko kwabo a kan abin da muka gani, kada mu zargi kowa ba hujja. Sai dai wanda ya karanta takardar ɓangare ɗaya kawai ya rubuta sakamako, ban ga tsakiyar da ya tsaya ba.

Ga 'yan baya

Mu namu ya kusa ƙarewa. Ku da za ku zaɓi batu baɗi, ga abin da nake roƙo.

Ku duba kusa. Daga Gamji zuwa gadar sitadiyam tafiyar ƙafa ce. Kwatocin Doka kusan duk a kogin nan suke ƙarewa, da ledar fiya wata, da baƙin man makanikai, da abin da mu kanmu muke zubarwa. A bakinsa ake noman rani, kuma alayyahu da latas ɗin na dawowa kasuwanninmu. Daga cikinsa ake jan ruwan da ake tacewa a Malali. Nawa magidanci a Kabala ke kashewa duk shekarar da ruwa ya shiga gida? Nawa mai lambu ke asara? Wa ke biya, wa ya kamata ya biya? Waɗannan tambayoyin kuɗi ne tsantsa, kuma ba na jin akwai wanda ya fi ɗalibin akanta cancantar yin su.

Ku nemi takardun da ba kamfani ne ya ƙawata su ba. Tun bayan da aka jibge guba daga Italiya a garin Koko a 1988 ƙasar nan ta fara dokokin muhalli da gaske. Dokar 1992 ta wajabta auna tasirin manyan ayyuka a kan muhalli kafin a fara su. Akwai hukumar NESREA tun 2007, akwai KEPA ta jiha, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa a nan Kaduna take. Ko an hana ku takarda, ku rubuta ranar da kuka nema da amsar da aka ba ku, shi ma sakamako ne.

Ku haɗa kai da 'yan wasu sassan. Ɗan kimiyyar dakin gwaji na neman abin da zai gwada, ɗan tsara birane na neman inda zai zana taswira, mu muna neman abin da za mu sa wa farashi. Ina kira ga ƙungiyar ɗalibai ta tattauna da shugabannin sassa ko za a yarda da furojet na haɗin gwiwa, ko guda biyu ne a shekara, a kuma gayyaci mutanen unguwar da aka yi binciken a kansu su zo su ji sakamakon. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sannan idan kun rubuta tiyori a babi na biyu, ku bar ta ta bi ku har babi na biyar. Idan kun ce kamfani na magana ne don neman karɓuwa, to ku gwada maganar da abin da ke ƙasa. Idan kun ce kowa na da ruwa da tsaki, ku nuna mana mutum nawa daga cikinsu kuka zauna da su.

Ni dai na je na samu malamin da ke duba aikina na faɗa masa damuwata. Na ɗauka zai ce in bar ɓata lokaci. Sai ya ce in rubuta ta a sashen gazawar bincike, a fili, ba kwana-kwana. Na rubuta cewa wannan aiki ya auna abin da kamfanoni suka faɗa ne game da kansu, bai auna abin da suka aikata ba. A duk shafukan nan, wannan jimlar ce na fi amincewa da ita.

Makon jiya kuma na sayi littafi mai layi na zauna da kawu bayan la'asar. Ya ɗauko wata tsohuwar jaka, ya fito da katin aikinsa da takardun albashi da suka yi ja saboda daɗewa. Muka fara daga shekarar da aka ɗauke shi, muna bi wata-wata. Ya kira abokan aikinsa biyu, sun ce za su zo da nasu ranar Lahadi, ɗaya ma zai zo da na wani da ya rasu, matarsa ce ta ajiye. Ba maki za a ba ni a kai ba, kuma ban yi musu alkawarin za a biya su ba. Amma in an tambaya nawa ne, za a samu lamba a rubuce, da hujjarta a gefe. Duk wanda ke da sha'awar taya mu tarawa, ya neme ni ta ofishin wannan mujalla.